Siminti, ciyawar roba ko jar ƙasa: da me za a shimfiɗa filin ƙaramin golf a Yamai?

Kawuna yana da garka a ƙetaren gada, can wajen Harobanda, da itatuwan mangwaro da ƴar rumfa inda ake sayar da lemo da tsire da yamma. Iyalai suna zuwa, amma yara ba sa jimawa sai su fara jan rigar iyayensu a koma gida, don in ban da lilo guda babu abin da ke riƙe su. Bayan ƙaramar Sallah ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini wayarsa da bidiyon wani filin ƙaramin golf, kore shar, ga ƴan duwatsu, ga ruwa yana gangarowa.

"Ɗana, kai ne ka san aikin gini. Irin wannan nake so a bayan mangwarorin can. Nawa zai ci?"

"Kawu, kafin mu kai ga kuɗi sai mun tsayar da abin da za a shimfiɗa. Wannan da kake gani, ba a ƙarƙashin ranar Yamai aka ɗauke shi ba."

Abin da na tattara masa a makonnin da suka biyo baya shi ne nake so in baje a nan, don na san akwai masu otal, masu garka da masu makarantu da ke da irin wannan tunani.

Wasan kansa ba shi da wuya. Sanda ce mai lanƙwasasshen kai, da ƴar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, da jerin ƴan hanyoyi masu baki a gefe, kowace da abin da ke tare ƙwallon: tudu, kwana, ƴar ƙofa ko bututu, sannan rami a ƙarshe. Cikakken fili hanyoyi 18 ne. A ƙa'ida bugu shida gare ka a kowace hanya. In ƙwallo ba ta shiga ba a rubuta maka 7, ka wuce gaba. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Kaka da jikarta suna iya karawa, kuma ba lalle jikar ce za ta sha kaye ba.

Duk daɗin wasan a kan abu guda ya rataya: ƙwallo ta je inda aka aike ta. Ƙwallon golf faɗinta ya ɗan haura santimita 4, nauyinta bai kai giram 46 ba. Tsakuwa guda kamar ƙwayar dawa ta isa ta kautar da ita. Na ga wannan da idona a wani wurin shaƙatawa a cikin gari. Zuwanmu na farko da yarana, wurin sabo ne, ciyawar roba tana sheƙi, muka yi wasa har magariba. Da muka koma bayan damina biyu, koren ya koɗe ya yi toka-toka, bakunan shimfiɗar sun ɗaga, wani ramin ma ruwa ne kwance a ciki har ya yi gansakuka. Ɗiyata ta buga sau uku, daidai kuwa take bugawa, amma duk lokacin da ƙwallon ta kai inda aka haɗa shimfiɗa biyu sai ta karkace ta bi gefe. Yarinyar ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Ta ajiye sandar ta ce ba ta ƙara yi. Abin ya tsaya mini a rai, domin filin da ya lalace yaro yake sa wa laifin da ba nasa ba.

Ciyawa ta gaskiya ba sai mun daɗe a kanta ba. A watannin zafi, kowace murabba'in mita ta ciyawa a Yamai tana shan wajen lita 7 ko 8 na ruwa a rana. In kana da mita 300, ka haura lita 2,000 ke nan kullum, wato tano goma da ɗoriya. Sannan ciyawar da ƙwallo za ta gangara a kanta sai an aske ta ƙasa-ƙasa, ƴan milimita kawai, kusan kowace rana, da injin da aka yi don wannan aikin. Ƙafafun yara kuma a wuri guda suke tattakewa, wajen farawa da bakin rami, kafin wata biyu wurin ya zama sanƙo. Ko mai foraj ne, ruwan nan ya fi amfani a gindin mangwaro.

Gardamar gaske tsakanin siminti ne da ciyawar roba, wadda ƴan kasuwa ke kira gazon.

Bari in fara da ba ta haƙƙinta. Ciyawar roba tana da kyau a ido, kuma kyau ciniki ne: mutane suna ɗaukar hoto su sa a Facebook da TikTok, wasu su gani su zo. Tana rage gudun ƙwallo, don haka yaro ɗan shekara biyar yana iya sarrafa bugunsa. In ya faɗi, gwiwarsa ba ta kuje kamar a kan siminti. Tana rufe ƙananan kurakuran maso, wato magini, kuma tana bin tudu da kwari, sai a yi hanyoyi masu lanƙwasa yadda ake so. Hukumar wasan ta duniya ma ta amince da ita cikin iri huɗu na filayen da ake gasa a kansu. Wanda ya ce ba ta da amfani bai yi mata adalci ba.

Matsalarta ita ce duk abin da Yamai ke da shi da yawa, shi ne abin da ba ta so. Rana ta farko. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, roba kuwa da ke shanye a fili tana iya wuce digiri 60. Yaro ya cire takalmi ya taka, ko ya durƙusa ya ɗauki ƙwallo, ƙuna ce. Har bayan la'asar tana fitar da hucin da ta sha. Hasken ranar kuma yana cin zaren a hankali: launi ya koɗe, zaren ya bushe ya fara karyewa, ka ga koren gari yana bin takalman mutane. Gam ɗin da aka manna ta da shi yana yin laushi da rana ya ƙame da dare, yau da gobe sai bakuna su saki. Daga inda aka haɗa yanki biyu lalacewa ke farawa, kuma nan ne ƙwallo ke karkacewa.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauke ta kamar ana tankaɗe, kuma kafin kowane babban ruwan damina sai guguwar rairayi ta riga shi isowa. A kan siminti, tsintsiya ce da minti biyu. A cikin ciyawar roba ƙurar nutsewa take yi tsakanin zare, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ruwan farko ya sauka ta zama laka, rana ta fito ta daskare. Bayan shekara guda, wani ɓangaren hanya ya yi tauri ƙwallo tana gudu, wani ya yi taushi tana tsayawa, kuma har ƴan tsirrai suna fitowa a ciki. Ana iya hana wannan da buroshi mai tauri kowane mako da wanki da ruwa mai ƙarfi lokaci-lokaci, amma aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma ranar da aka yi sakaci ba a iya mayar da baya cikin sauƙi.

Akwai kuma kuskuren saye, wanda shi ya fi yawa. Gazon ɗin da aka fi samu a shaguna na adon tsakar gida ne da wajen biki, mai dogon gashi, santimita 3 ko 4. Ƙwallo ba ta gangara a kansa, nutsewa take. Wanda wasan ke buƙata gajere ne mai cunkoson zare, wajen santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda aka haɗa robarsa da maganin jure hasken rana. Shi ya fi tsada, kuma sau da yawa sai an yi odarsa daga waje, ya sauka a tashar ruwan wata ƙasa, ya hau mota har nan. Moket ɗin ɗaki kuwa, wanda wasu ke sawa don araha, damina ɗaya ta ishe shi. Araha ba ta ado.

Abin da Kawu bai sani ba, kuma da yawa ba su sani ba, shi ne ciyawar roba ba ta maye gurbin siminti. A kansa ake shimfiɗa ta, ko a kan tsakuwar da aka daddaɓe sosai. In aka shimfiɗa ta kan ƙasa kawai, ruwa zai zaizaye ƙarƙashinta, gara da tururuwa su yi gida, hanya ta yi kwari-kwari. Wato mai zaɓen roba ya biya kuɗin daɓe, ya biya kuɗin roba da gam, sannan bayan ƴan shekaru ya sake biyan na biyun.

Filin siminti yana da tarihinsa. Wani mai tsara lambuna ɗan Siwizalan, Paul Bongni, shi ya fitar da tsarin, aka buɗe na farko a garin Askona a 1954. Hanyoyinsa mita 12 ne a tsawo, mita 1.25 a faɗi, da ƙarfe a gefe, in ban da guda ɗaya mai mita 25. Filayen da aka zuba a waɗancan shekaru, wasu har yau ana wasa a kansu. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a saurara.

A wajenmu abin da ya ba siminti fifiko shi ne komai nasa na gida ne. Ana yin siminti a Malbaza, rairayi da tsakuwa muna da su, ƙarfe da fenti suna nan Katako, masu walda suna kowace unguwa. In wani wuri ya fashe, mason da ya zuba shi yana nan, ka aika a kira shi. Rana tana ɗumama shi, gaskiya ne, amma in an shafa masa fenti mai haske ba ya kai zafin roba, kuma zafin ba ya lalata shi. Ruwa ba ya yi masa komai. Wannan magana tana da nauyi ga wanda garkarsa ke kusa da kogin Isa. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya mamaye Lamorde da maƙwabtanta a daminar 2020, ya kuma ga ta 2024, ya san cewa a ƙetare ba a gini sai an sa ambaliya a lissafi. Filin siminti in ruwa ya janye, a kwashe laka, a wanke, a sake fenti, shi ke nan. Ciyawar roba da ta kwana mako biyu a ƙarƙashin laka sai dai a naɗe ta a zubar.

Amma siminti ba ya yafe wa maso. Duk abin da hannunsa ya yi ranar zubi, da shi za a zauna shekara ashirin. A nan ne na fi daɗewa da Kawu, domin maso da ya iya daɓen ɗaki ba lalle ya iya wannan ba. A ɗaki, in daɓe ya karkata da rabin santimita ba wanda zai sani, tabarma ta rufe. A hanyar golf ƙwallo za ta tona asirin a bugun farko. Dole a cire ƙasar sama mai taushi, a zuba marmara a jiƙa a daddaɓe, a sa ragar ƙarfe, a zuba kankare mai kaurin santimita 10, kuma hanyar ta ɗaga sama da ƙasar da ke kewaye da ita da kamar taƙi guda don kada ruwan sama ya kwararo mata da rairayi. Daga gefe zuwa gefe sai ta daidaita cif, a auna da nibo, ma'aunin daidaiton daɓe, a kowane taku, ba da ido ba. Rairayin ya zama wankakke, marar laka. Saman kuma a goge shi sumul da cokalin ƙarfe, amma kada ya yi santsin da zai kayar da mutum.

Lokacin zubi shi ma magana ce. A watan Afrilu kankare yana bushewa kafin ya kama, sai ya tsattsage. Disamba da Janairu sun fi, sai dai iskar hunturu ita ma tana zuƙe ruwan saman da sauri, don haka a zuba da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai. Ƙarfinsa ba ya cika sai ya yi kwana 28, kuma kafin nan kada a shafa fenti. Yawancin daɓen da muke gani sun tsage a garin nan, ba siminti aka rage ba, ruwan bayan zubi ne aka yi wa rowa.

Dogon daɓe yana son tsagewa, kuma tsaga a tsakiyar hanya daidai take da haɗin roba da ya ɗaga. Shi ya sa ban ba Kawu shawarar bin awon gasa na mita 12 ba. Hanyar mita 6 ta fi sauƙin zubawa a tashi ɗaya ba tare da mahaɗi ba, kuma ta fi dacewa da ƙarfin yara. Ƙarfen gefe ma yana motsi: mai tsawon mita 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa da wajen milimita 4. Kaɗan ne a ido, amma in mai walda ya haɗe shi kam ba tare da barin ɗan sarari ba, zai lanƙwashe ko ya ɓalle daga mazauninsa. Kuma ƙarfe a rana yana ƙona yatsa. Ƙaramin dakalin siminti a gefe ya fi arha, ya fi sanyi, ko da yake ƙwallo ba ta dawowa daga jikinsa da kyau kamar daga ƙarfe, kuma gefensa yana ɓantarewa in yara suna dukansa da sanda.

Sauran aibobinsa ba ɓoyayyu ba ne. Ƙwallo tana gudu sosai a kansa, kuma ƙwallon golf mai tauri tana tsalle ta fice daga hanya. Maganin wannan shi ne a sayi ƙwallayen roba masu ɗan taushi da aka yi don ƙaramin golf. Fenti yana koɗewa, sai an sabunta shi kowace shekara bayan damina. Faɗuwa a kansa da ciwo. Kuma ranar buɗewa ba zai burge mai ɗaukar hoto kamar kore shar ɗin bidiyo ba. Wannan na ƙarshen ana gyara shi da fenti mai launi daban-daban, da shuke-shuke a tsakanin hanyoyi maimakon a kansu.

Game da kuɗi, farashin buhu yana hawa yana sauka, don haka lissafin kaya na yi wa Kawu, ya je kasuwa ya ninka da kansa. Hanyoyi tara masu mita 6 da faɗin mita ɗaya, haɗe da da'irar da ke kewaye da rami, sun kai wajen murabba'in mita 70. A kaurin santimita 10, kankare mita kubik 7 ke nan, kowace kuma tana cin buhu 7 na kilo 50. Kusan buhu 50, ban da ƙarfe, tsakuwa, fenti da ladan aiki. Cikakken fili mai hanyoyi 18 a awon gasa zai haura buhu 200, kuma fegi mai mita 400 ba zai ɗauke shi ba in an bar wa mutane wajen wucewa da zama. Na ce masa ya fara da tara. A Amurka, wajen 1930, filayen wasan nan sun kai kimanin 25,000, amma cikin ƴan shekaru kaɗan yawancinsu suka rufe da ɗokin ya wuce. Gara tara da ake sharewa kullum da goma sha takwas da aka kasa riƙewa.

Jar ƙasa fa? Ba abin rainawa ba ce. Ƴan wasan petank a unguwanninmu a kanta suke yi, kuma ko babban filin golf na Rio Bravo da ke hanyar Tilaberi a kan rairayi ake buga shi, ba ciyawa ba. Neman abin da zai maye ciyawa a ƙasar da ba ruwa ma tsohon abu ne: a 1922 wani mai gonar auduga a Meziko, Thomas Fairbairn, ya gauraya ɓawon gurya da rairayi da mai da rini ya yi shimfiɗar da ƙwallo ke gangara a kanta, kuma da ita aka shimfiɗa ɗimbin filayen Amurka na farko. Sai dai ƙwallon petank ƙarfe ce mai giram 650 zuwa 800, tana take tsakuwa ta wuce, ta golf kuwa kaucewa take. Don haka marmarar sai an tankaɗe ta, an jiƙa, an daddaɓe, sannan kowace safiya a yayyafa ruwa a ja mata katako ta daidaita, domin sawun takalmin jiya ya isa ya ɓata wasan yau. Ruwan Agusta guda ɗaya yana iya kwashe aikin wata. Abin takaicin shi ne babban hutun ƴan makaranta, lokacin da ya kamata ciniki ya fi kyau, a tsakiyar damina yake faɗowa. Wasu za su ce a zuba baƙin man mota don ƙasa ta kama. Kada a yi. Yana ɓata tufafin yara, yana wari a rana, yana kuma tsiyaya ƙasa, a garkar da ake shayar da mangwaro da ruwan rijiya. Inda jar ƙasa ta yi rana shi ne gwaji: wanda bai tabbatar mutanen unguwarsa za su karɓi wasan ba, ya yi hanyoyi biyar ko shida daga Oktoba zuwa Mayu da kuɗi kaɗan, ya ƙirga masu zuwa, sannan ya yanke shawarar zuba siminti.

Sauran iri biyu da ake gasa a kansu a Turai ban ga wurinsu a nan ba. Na Jamus, wanda aka fara a Hambug a 1958, faranti ne na siminti mai zare, mita 6.25 a tsawo, kuma ba a yarda a taka shi ba don yana fashewa. Wa zai hana yaranmu takawa ranar Sallah? Tsofaffin farantan irin wannan kuma da asbestos aka yi su, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka in wani ya kawo maka na hannu da araha, ka bar masa kayansa. Na Suwidin kuwa bakunansa katako ne, gara ta gode.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abubuwan da ke raba fili mai kyau da marar kyau, kuma kusan dukansu a hannun mutum ɗaya suke: mai kula da wurin. In ba a ware masa albashi tun a lissafin farko ba, to ba a gama lissafi ba. Ramin shi ne abin dubawa na farko. Ya zama yana da ƙofa a ƙasa da ke kai ruwa cikin tsakuwa, don ramin da ke riƙe ruwa mako guda zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, a daidai watannin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Saboda wannan ne ma na roƙi Kawu ya manta da ƴar ƙoramar da ya gani a bidiyo: famfon da ke juya ruwan yana tsayawa duk lokacin da kuran ya ɗauke, ruwan da ya tsaya kuwa gidan sauro ne. Sannan rami da bututu wuri ne mai duhu da sanyi, irin wanda kunama ke so, kuma nan ne yaro ke zura hannu ba tare da ya duba ba. Kowace rana kafin a buɗe, a bi su ɗaya bayan ɗaya da sanda, da dare kuma a toshe su.

Inuwa tana ƙara wa kowace shimfiɗa kwana, tana kuma ƙara sa'o'in ciniki, amma itace yana da nasa haraji. Dogon yaro yana zubar da ƴaƴa masu danƙo a farkon damina, kuma saiwarsa tana ɗaga daɓe in an zuba kusa da gindinsa. Mangwaro yana zubar da fure da ganye, tsuntsaye da jemagu kuma suna barin nasu. A siminti duk wannan shara ce da ɗan wanki. A roba danƙon yana kama zare ya haɗu da ƙura. A bar taku huɗu ko biyar tsakanin gindin itace da hanya, inda inuwa ba ta kai ba kuma a kafa rumfa. Tun da yawancin wasan bayan la'asar ne zuwa dare, fitila ba ado ba ce. Masu aiki da hasken rana sun wadatar, amma a ɗaga su sama, biyu-biyu suna fuskantar juna, don kada inuwar mai bugu ta rufe masa ƙwallo.

Mutumin Tawa da ke wannan tunani, lissafinsa ya ma fi karkata ga siminti. Ruwan sama ya fi ƙaranci a can, iska da rairayi sun fi yawa, ruwan wanke roba ya fi wuyar samu, Malbaza kuma tana kusa. Jar ƙasa za ta fi daɗewa a can fiye da Yamai, sai dai iskar za ta riƙa kwashe samanta.

Ciyawar roba ta dace da wanda filinsa ke ƙarƙashin rufi ko cikin inuwa mai kauri, nesa da ambaliya, wanda ke da ma'aikaci tsayayye, kuma ya amince tun yau cewa zai riƙa ajiye wani abu daga cinikin kowane wata don sake ta. Otal mai farfajiya a rufe zai iya. Wanda filinsa ke sarari, kuma kuɗin da zai kashe sau ɗaya ne ba zai iya maimaitawa ba, siminti ne nasa. Ƙofar ma ba ta rufe ba: daɓe mai kyau ana iya shimfiɗa masa roba daga baya in ciniki ya kankama, a hanya biyu ko uku na ƙananan yara.

Kawu ya saurare ni har na gama, yana juya wayar a hannunsa.

"Wato dai ba zan samu koren nan ba."

"Za ka samu, Kawu, a jikin mangwaro da fenti. Amma kada ka ɗauki maganata kawai. A zuba hanya guda yanzu kafin ruwa ya sauka, a bar ta ta sha damina."

Haka aka yi. Mun zuba ta da yamma a gefen rijiya, mita 6, muka rufe ta da buhuna, yaron garka yana ba ta ruwa. A ƙarshenta Kawu ya sa aka manna ɗan yankin gazon mai mita ɗaya, don yana so ya ga abin da rana da laka za su yi masa da idonsa. In Allah ya kai mu Oktoba za mu ɗora nibo a kanta, mu gangara ƙwallo sau goma daga wuri guda mu ga inda take tsayawa. In daɓen ya tsaya yadda aka zuba shi, mason nan ne zai zuba sauran takwas a watan Disamba.